Kibiyar maus ta tsaya cak: abin yi kafin ka kai hannu ga maɓallin wuta

Da zarar kibiyar maus ta ƙi motsi a kwamfutar tebur, yawancin mutane maɓallin wuta suke nufa, wasu ma soket suke fizgewa. Nan ake yin asara: aikin da ba a adana ba ya tafi, in kuma faifan ajiya yana tsakiyar rubuta wani fayil, fayil ɗin na iya lalacewa. Sau da yawa kuwa kwamfutar lafiyarta ƙalau, maus ɗin ne kawai ya daina magana da ita.

Kibod ne zai raba gardama. Danna Caps Lock ko Num Lock ka dubi 'yar fitilar da ke saman kibod ɗin. In tana kunnuwa tana mutuwa daidai da dannawarka, kwamfutar na raye. Ƙara da maɓallin Windows: in jerin Start ya buɗe, matsalar ba ta wuce maus da hanyar da yake bi ba. Kafin komai danna Ctrl da S ka adana aikinka.

Akwai maus na wucin gadi a cikin kibod, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Haɗa Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock, in tambaya ta fito ka danna Enter. Lambobin gefen dama za su koma linzami: 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 kuma dannawa. Tafiyar hawainiya yake yi, amma zai kai ka inda za ka. Kuma in kibiyar ta motsa da waɗannan lambobi, ka tabbatar Windows ba shi da laifi a wajen nuna ta.

Maus mai waya

Zare shi, jira kamar daƙiƙa 10, ka soka shi a wata kafar USB daban, ta bayan akwatin kwamfutar. Kafofin baya a jikin uwar allon, wato babban allon da ke cikin akwatin, suke kai tsaye, na gaba kuwa wata siririyar waya ce ke haɗa su daga ciki, kuma su ne suka fi shan wahalar sokawa da zarewa, don haka su suka fi saurin yin sako-sako. In maus ɗin a jikin mararrabar USB yake, wato na'urar da ke raba kafa ɗaya zuwa kafofi da yawa, irin wadda ba ta da wutar kanta, cire shi daga nan. Kafar USB 2.0 ɗaya miliamfa 500 take bayarwa a kan bolt 5, kuma duk abin da aka jona wa mararrabar daga wannan ɗan abin yake ci. A haɗa da faifan ajiya na waje ko wayar da ake caji, sai maus ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Sai wayar kanta. Wurin da ta fi karyewa shi ne daidai inda ta shiga jikin maus, domin nan take lanƙwasa kullum. Riƙe wurin ka ɗan murza yayin da kake jan maus ɗin. In kibiya ta motsa ta sake tsayawa, ko jar fitilar ƙasa ta yi ƙyafta-ƙyafta, waya ta karye daga ciki. Ana iya yanke wurin a sake yin soda, amma ga maus mai araha ladan gyaran ya kusa kuɗin sabo.

Tsofaffin kwamfutoci 'yan Kwatano da yawa har yanzu suna da zagayayyar kafa mai suna PS/2, koriya ta maus, shunayya ta kibod. Wannan ba a soka ta kwamfuta na kunne. Windows ba zai gane maus ɗin ba sai an kashe, an soka, an sake kunnawa. Dubi filoginta ma, in ɗaya daga cikin siraran ƙafafunta ta lanƙwashe, ita ce sanadi.

Kifa maus ɗin ka dubi idonsa. 'Yar kyamara ce a ciki, tana ɗaukar hoton saman tebur sau dubbai a daƙiƙa tana kwatanta su don ta gane inda aka ja ta. Silin gashi ɗaya ko ƙurar hunturu da ta taru a ramin ya isa ya makantar da ita. Hura wurin, ka goge da busasshiyar auduga. Tebur mai gilashi ko mai sheƙi ma yana ruɗa ta, domin ba ta ganin wani zane da za ta bi. Shimfiɗa farar takarda ka gwada a kai. Rashin jar fitila kaɗai ba hujja ba ce cewa maus ya mutu, wasu da hasken da ido ba ya gani suke aiki.

Maus marar waya

Batir ne farkon abin zargi, ko da fitilar na ci, domin batirin da ya yi sanyi yana iya kunna fitila ya kasa aika saƙo. Sa sabon AA ko AAA mai bolt 1.5, irin alkalin. Batura masu arha na tocila ba sa daɗewa kuma suna yoyo. In ka ga farin gari a jikin ƙarfen da batir ke taɓawa, kankare shi.

Wani abin da ke wahalar da mutane shi ne wurin da aka soka ɗan ƙaramin makarɓin siginar. Waɗannan mausa a zangon 2.4 GHz suke aiki, kafar USB 3.0 kuma, mai shuɗin ciki, tana fitar da hayaniyar rediyo a daidai wannan zango idan ana aiki da ita. Kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Alamarsa ita ce kibiya na tafiya tana tsalle, musamman lokacin da ake kwafar fayil zuwa filashi. Mayar da makarɓin kafa mai baƙin ciki, nesa da shuɗiyar, ko ka jawo shi saman tebur da gajeriyar wayar ƙari ta USB. Akwatin ƙarfe da aka tura ƙarƙashin tebur shi ma yana tare sigina.

Gwajin da ya fi duk waɗannan sauri shi ne aron wani maus. In na aro ya yi aiki, zance ya ƙare.

In na aro ma ya ƙi

To laifin ya koma kan Windows ko kafofin. Fara da Restart: danna Windows da X, sai U, sai R. A kula, Shut down a Windows 10 da 11 ba ya wanke komai da komai, saboda tsarin Fast Startup yana ajiye direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori irin su maus, yadda suke ya dawo da su da matsalarsu. Restart ne ke loda su sabo.

In abin ya ci gaba, danna Windows da X, sai M, Device Manager zai buɗe. Danna Tab, sauka da maɓallin kibod mai alamar ƙasa zuwa Mice and other pointing devices, buɗe shi da maɓallin kibod mai alamar dama, tsaya a kan HID-compliant mouse, danna Shift da F10 ka zaɓi Uninstall device. Bayan Restart Windows zai ɗora direban da kansa.

Maus da ke mutuwa bayan an bar kwamfuta na ɗan lokaci, ko bayan ta farka daga barci, yawanci tsimin wuta ne ke kashe kafarsa. Danna Windows da R, rubuta powercfg.cpl, shiga Change plan settings, sai Change advanced power settings, nemi USB selective suspend setting ka mayar da shi Disabled. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da za a yi wa tattali.

In kafofin USB duka sun mutu lokaci ɗaya, musamman bayan an ɗauke wuta an maido da ƙarfi, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar. Wannan yana zubar da ragowar cajin da ke cikin uwar allon, kuma sau da yawa kafofin suna farfaɗowa.

In kwamfutar ce ta ƙame

Fitilar Caps Lock ta ƙi amsawa? Ba ta minti 2 ko 3 tukuna, musamman in fitilar faifai a gaban akwatin tana ci babu ƙyaftawa. Kwamfuta mai RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) 4 GB da tsohon faifai mai juyawa takan shiga wannan hali in an buɗe shafukan intanet da yawa, ta kuma dawo da kanta. Gwada Windows, Ctrl, Shift da B tare: za ka ji ƙara, fuskar ta ƙyafta, an sake tada direban hoto ke nan, wanda wani lokaci shi ne ya maƙale hoton ya tsaya wuri ɗaya. Sai Ctrl, Shift da Esc don Task Manager. Zaɓi manhajar da aka rubuta wa Not responding ka danna Delete. In duk sun ƙi, har da Ctrl, Alt da Delete, yanzu ne za ka danne maɓallin wuta na daƙiƙa 5 zuwa 10.

Ƙamewar da ke maimaituwa bayan kwamfuta ta yi rabin awa ko awa guda tana aiki, fanka na gurnani, yawanci zafi ne. Zare wuta, buɗe murfin gefe, ka hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. In RAM ake zargi, zare sandar, goge bakinta na zinare da abin goge fensir, ka mayar har maƙallan gefe biyu su ce ƙas. In sanduna biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda kwamfutar ke ƙamewa da ita kaɗai, ita za a canja.