Yadda ake yashe kwatar unguwa kafin damina ta kankama

A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata ce ranar tsaftar muhalli. Ku sanar da mai unguwa, a sa aikin gayya ranar, tun watan Mayu. Ku tanadi shebur, manjagara, baro da takalman roba.

Ku fara daga gangare, inda ruwa ke fita, ku yo sama. In kuka fara daga sama, ruwan da kuka saki a ƙofar maƙwabci zai taru. Ledar fiyawata da yashi ne ke toshe ƙarƙashin kwalbati, sai an zura dogon rodi an zaƙulo.

Kada ku bar dagwalon a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi ciki. Ku nemi motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, tun kafin ranar aiki, ta kwashe da zarar ya tsane.