Yadda Ake Shigar da Gyara na Farko a Buɗaɗɗiyar Manhajar Yanar Gizo

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje kod ɗinta a fili, suka kuma ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rarrabawa bisa sharuɗɗan wani lasisi. A kan irin wannan tsari aka gina yanar gizo tun daga tushe, domin a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba ta saki fasahar da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira ba tare da neman ko sisi ba, kuma har yau kayan aikin da ake gina shafuka da su, irin su WordPress da Node.js da React, duk a buɗe suke. Wanda ya koyi HTML da CSS da JavaScript yakan daɗe yana gina ƙananan shafuka shi kaɗai, babu mai duba masa aiki balle ya nuna masa inda ya kauce. Hanya mafi sauƙi ta fita daga wannan kaɗaici ita ce ya shiga aikin da wasu suka riga suka fara, ya gyara wani ɗan abu, ya miƙa, a duba.

Kafin komai, kada yawan sababbin kayan aiki ya ruɗe ka. Kamfanin Facebook ya saki React a 2013, Evan You ya fito da Vue a 2014, Svelte ya biyo baya a 2016, Vite kuma ya zo a 2020 ya karɓe aikin da ake yi da tsofaffin kayan haɗa shafi, har ta kai a watan Fabrairun 2025 masu kula da React suka sanar da cewa a daina fara sabon aiki da Create React App, wanda shekaru kaɗan kafin nan shi ake koya wa kowane sabon ɗalibi. Wanda ya ce sai ya ƙware a dukkansu kafin ya ba da gudummawa, to zai tsufa yana shiri. Abin da duk waɗannan ayyuka suka yi tarayya a kansa shi ne Git, manhajar da ke adana tarihin duk wani sauyi da aka yi wa kod, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don kula da kod ɗin Linux, kuma a ganina shi ya fi cancanta ka ba shi lokacinka na farko.

Ka sauke Git da Node.js, wanda ke gudanar da JavaScript ba a cikin burauza ba, a kwamfutarka, kuma a wajen Node.js ka zaɓi sigar da aka yi wa alamar LTS, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita. Visual Studio Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, ya wadatar wajen rubutu. Sai ka buɗe asusu a GitHub, dandalin intanet na ajiye rumbunan kod da aka kafa a 2008 kuma Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Da zarar ka girka Git, ka sanar da shi sunanka da adireshin imel ta umarnin git config, amma ka sani cewa wannan adireshi zai bayyana a tarihin duk gyaran da ka yi, don haka idan ba ka son jama'a su gan shi, GitHub na ba da wani adireshi na ɓoye a cikin saitin asusu. Tun watan Agustan 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura kod, sai da makullin SSH ko wata lambar izini da ake ƙirƙira a saiti, kuma gara ka kammala wannan tun da wuri, domin a nan ne masu farawa da yawa ke cijewa bayan sun gama gyaransu.

Zaɓen aikin da za ka shiga ya fi duk abin da ke biye da shi muhimmanci. Ka fara da abin da kai kanka kake amfani da shi, saboda ka riga ka san yadda ya kamata ya yi aiki, kuma idan ya lalace za ka gane. Ka duba fayil ɗin LICENSE: idan ka ga MIT ko Apache 2.0 ko GPL, aikin buɗaɗɗe ne na gaskiya, idan kuma babu lasisi sam, to ganin kod a fili bai ba ka izinin amfani da shi ba. Bayan haka ka leƙa ka ga ko akwai rai a wurin. Yaushe aka shigar da gyara na ƙarshe? Waɗanda suka turo gyara a 'yan makonnin nan, an amsa musu ko an bar su suna sallama babu mai amsawa? Aikin da ya shekara ba a taɓa shi ba, ko da taurarin yabo da jama'a suka ba shi a GitHub sun kai dubbai, ba wurin farawa ba ne. A sashen matsaloli, wanda GitHub ke kira Issues, ka nemi waɗanda aka liƙa wa alamar good first issue, domin masu kula da aikin ne suka ware su musamman don baƙi. MDN Web Docs, kundin bayanan fasahar yanar gizo wanda rubutunsa ya koma GitHub a ƙarshen 2020, da freeCodeCamp da Quincy Larson ya kafa a 2014, duka sun saba karɓar masu farawa. Daga gida ma akwai misali, domin Chakra UI, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da dama wajen tsara shafukan React, ɗan Najeriya ne Segun Adebayo ya fara shi, kuma ƙungiyar Open Source Community Africa na haɗa masu irin wannan sha'awa a nahiyar.

Idan ka samu aikin, ka zauna ka karanta README da CONTRIBUTING.md daga farko har ƙarshe. Baƙon da ya shiga gida bai tambayi al'adar gidan ba shi ke taka tabarma da takalmi, kuma yawancin gyare-gyaren da ake mayarwa ana mayar da su ne saboda an tsallake wani abu da aka rubuta ƙarara a waɗannan fayiloli, kamar yadda ake rubuta saƙon gyara ko gwajin da dole a yi kafin turawa. Sannan ka rubuta a ƙarƙashin matsalar da ka zaɓa cewa kana son ɗaukarta, ka faɗi a taƙaice yadda kake shirin warware ta, ka jira amsa. Wannan zai hana ka ɓata kwana uku a kan abin da wani ya riga ya kusa gamawa.

Yanzu sai aikin hannu. Ka danna maɓallin Fork don samun kwafin rumbun a asusunka, sannan ka sauko da shi da git clone. Wanda ke lissafin data zai iya ƙara --depth 1 a umarnin, wanda zai kawo sigar ƙarshe kawai ba tare da dukkan tarihi ba, kuma idan daga baya aka buƙaci tarihin, git fetch --unshallow zai cike gurbin. Ka haɗa kwafinka da rumbun asali ta git remote add upstream tare da adireshinsa. Daga nan ka duba wane fayil ne ke kulle sigogin kayan da aikin ya dogara da su. Idan package-lock.json ne, npm ake amfani da shi wajen girka kayan; idan yarn.lock ne ko pnpm-lock.yaml, to ka bi Yarn ko pnpm, kada ka cakuɗa. A wajen npm na fi son npm ci a kan npm install, domin yana girka ainihin sigogin da aka kulle ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba, alhali ɗayan na iya sauya ɗaruruwan layuka da ba ka yi niyya ba, su bi ka cikin gyaranka. Babban fayil ɗin node_modules kan kai ɗaruruwan megabayit a manyan ayyuka, saboda haka ka yi wannan mataki inda intanet ke da ƙarfi kuma batirinka na da caji. Kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, ka tayar da aikin, galibi da npm run dev, ka kuma gudanar da npm test. Idan wani gwaji ya faɗi tun kafin gyaranka, ka rubuta shi a gefe, don kada daga baya ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba.

Kada ka yi aiki a kan babban reshe, wanda tun Oktoban 2020 GitHub ke sa wa suna main a sababbin rumbuna. Ka buɗe naka reshen, wato layin aiki na daban da ba ya taɓa na asali, da git switch -c tare da suna mai bayyana aikin. Ka gyara abu ɗaya tak. Idan a hanya ka hango wani kuskure, ko ka ga tsarin rubutun kod bai yi maka ba, ka danne zuciya ka bar shi zuwa wani karo, domin mai dubawa na iya karanta layi 15 a zama ɗaya ya amince, amma layi 900 da suka taɓa fayiloli 30 sai ya ajiye su har ranar da ya samu sarari, kuma ranar ba ta cika zuwa ba. Kafin ka ajiye gyaran da git commit, ka duba git status da git diff ka karanta kowane layi da ya sauya. Ka tabbata fayil ɗin .env, inda ake ajiye makullan sirri, bai shiga ba. Idan makulli ya taɓa fita fili, goge shi a gyara na gaba ba ya wadatarwa saboda yana nan a tarihi, sai dai a soke shi a ƙirƙiri sabo. Bayan git push, GitHub zai nuna maka maɓallin buɗe buƙatar haɗewa, wato abin da ake kira Pull Request. A cikinta ka bayyana matsalar da abin da ka yi da yadda ka gwada, ka sa hoton allo idan gyaran na shafar abin da ido ke gani, kuma idan ka rubuta Fixes tare da lambar matsalar, za ta rufe kanta da zarar an haɗa gyaranka.

Wanda ba shi da kwamfuta tasa bai rasa hanya ba. Ƙananan gyare-gyaren rubutu ana iya yin su kai tsaye a shafin GitHub, danna maɓallin ɗigo (.) na madanni a shafin kowane rumbu kuma na buɗe editan VS Code a cikin burauza, sannan manhajar Termux na ba da damar gudanar da Git da Node.js a wayar Android.

Jiran amsa shi ne ɓangaren da ba a cika koyarwa ba. Yawancin masu kula da buɗaɗɗun ayyuka 'yan sa-kai ne da ke dubawa bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, don haka shirun mako guda ba wulaƙanci ba ne. Bayan nan za ka iya tunatarwa sau ɗaya cikin ladabi. Idan aka nemi ka sauya wani abu, ka gyara a kan reshen nan ka sake turawa, buƙatar za ta sabunta kanta. Idan babban reshe ya yi gaba ya bar ka, git fetch upstream sannan git rebase upstream/main za su dawo da kai kan layi, kuma inda gyaranka ya yi karo da na wani, Git zai nuna wurin don ka zaɓa da hannunka. Tsantsenin masu kula da ayyukan na da dalili. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa a manhajar matse fayiloli ta xz, kuma wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana ba da gudummawa har aka amince da shi. A Oktoban 2020 kuma, lokacin shirin Hacktoberfest na kamfanin DigitalOcean, masu neman kyautar riga sun cika rumbuna da gyare-gyaren banza har sai da aka sauya dokokin shirin. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta kod, matsalar ta ƙaru, kuma Daniel Stenberg mai kula da manhajar curl ya sha kokawa kan rahotannin ƙarya da ake haɗawa da su. Idan ka yi amfani da irin waɗannan mataimaka, ka duba ko dokar aikin ta yarda, kuma kada ka tura layin da ba za ka iya bayyana dalilinsa ba idan an tambaye ka.

Akwai wani fanni da mai jin Hausa ke da ido a kansa fiye da sauran masu ba da gudummawa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y, duk suna cikin Unicode, amma salon rubutu da yawa ba su zana su ba, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma ko ya zama akwati. Akwai fom ɗin da ke ƙin karɓar suna irin Mu'azu ko Sa'adatu saboda alamar da ke tsakiya, akwai kuma akwatin bincike da ba ya haɗa "kasa" da "ƙasa" ga wanda madanninsa ba shi da harafin. Mai kula da aiki a Jamus ko Amurka ba zai taɓa cin karo da waɗannan ba sai an nuna masa. Rahoton matsala mai kyau gudummawa ce cikakkiya ko da babu kod a tare da shi: ka faɗi sigar manhajar da burauzar da ka yi amfani da su, ka jera matakan da za su sa matsalar ta sake faruwa, ka bambanta abin da ka zata da abin da ya auku, ka kuma liƙa ainihin kalmomin Hausar a rubuce don a iya kwafa a gwada, tunda hoto kaɗai ba ya kwafuwa. Fassara ma ƙofa ce, domin WordPress na da sashen Hausa a dandalinsa na fassara, shirin Common Voice na Mozilla kuma na tattara muryoyin Hausa, sai dai kafin ka fassara kalma ka duba yadda waɗanda suka riga ka suka fassara ta, don kada maɓalli ɗaya ya samu suna uku.

Ranar da aka haɗa gyaranka, ka koma babban reshe a kwamfutarka, ka jawo sabon kod da git pull upstream main, ka tura shi zuwa kwafinka, sannan ka goge reshen da ka gama da shi da git branch -d. Idan an matse gyare-gyarenka an mayar da su guda ɗaya lokacin haɗewa, Git na iya ƙin gogewa yana cewa ba a haɗa reshen ba, a nan sai ka tabbatar a shafin GitHub cewa aikinka ya shiga, sannan ka yi amfani da babban harafi, -D. Gyara na biyu ka neme shi a rumbun nan dai, tunda ka riga ka girka kayansa, ka san dokokinsa, masu kula da shi kuma sun fara gane sunanka.