Yadda ake warware fankshin, da abin da maɓallin ln yake yi

Ɗalibai da yawa suna haddace ƙa'idojin logaridim, amma ranar jarrabawar WAEC ko JAMB sai kai ya kulle. Yawanci abin da ya ɓace musu guda ɗaya ne: ln, wato logaridim mai tushen lambar e da za mu gani a gaba, warware aikin eˣ take yi, kamar yadda ragi yake warware tari, wato ƙara lamba a kan lamba. Wanda ya gane warwara ya gama rabin aikin, don haka da ita za mu fara.

Fankshin ƙa'ida ce da kake ba ta lamba, ta yi mata aiki, ta miƙo maka wata. Ɗauki f(x) = 3x + 5. Idan ka ba ta 4, za ta ninka shi sau 3 ya zama 12, ta ƙara 5, ta ba ka 17. Juyinta, wanda ake rubutawa f⁻¹, shi ne zai karɓi 17 ya mayar da kai kan 4.

Mutum yakan sa taguwa kafin babbar riga, amma in zai tuɓe, babbar rigar yake fara cirewa. Haka warwara take: abin da aka yi a ƙarshe shi ake fara kwancewa. Ƙarin 5 ne ya zo ƙarshe, to cire 5 tukuna, sannan ka raba da 3. A takarda, rubuta y = 3x + 5, ka kai 5 ɗaya gefen ya zama y − 5 = 3x, ka raba, x = (y − 5)/3. Sai ka sauya sunan harafin: f⁻¹(x) = (x − 5)/3. Kada ka tashi sai ka gwada. 17 a cire 5 saura 12, a raba da 3 ya ba da 4. Ya dawo gida.

Wannan ƙaramin −1 da ke saman f yana yaudarar mutane sosai. Ba ya nufin 1 a raba da f. Da haka ne, da amsar ta zama 1/17, wadda ba ta da wata alaƙa da 4.

Kuma ba kowace fankshin ce take warwaruwa ba. Duba x²: 3 yana ba da 9, −3 ma yana ba da 9. In aka miƙo maka 9 aka ce ka koma inda aka fito, wanne za ka zaɓa? Sai an yi iyaka, an ce lambobin da ba su gaza sifili ba kaɗai za a karɓa, sannan √x ta zama juyinta. Sharaɗin shi ne kada lambobi biyu daban su ba da amsa ɗaya. A zanen girafi akwai hanyar dubawa mai sauƙi: ɗora rula a kwance, ka ja ta daga sama zuwa ƙasa. In ta taɓa zanen a wuri biyu lokaci guda, babu juyi sai an yi iyaka. In kuma ka naɗe takardar a kan layin y = x, zanen fankshin zai kwanta daidai a kan zanen juyinta.

Yanzu ga e. Lamba ce kamar π, kusan 2.71828, ba ta ƙarewa bayan ɗigo. Jacob Bernoulli ya ci karo da ita a 1683 yana lissafin kuɗin ruwa mai hauhawa, Leonhard Euler kuma ya sa mata harafin e daga baya. Kana iya ganin fitowarta da kalkuleta: lissafa (1 + 1/n)ⁿ. Da n = 1 za ka sami 2, da n = 2 ka sami 2.25, da n = 12 kusan 2.613, da n = 365 kusan 2.7146. Tana ta matsawa kusa da 2.71828 ba ta wuce shi. Shi ya sa duk abin da yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon yawansa, kamar ƙwayoyin cuta ko maganin da ke barin jini, ake rubuta lissafinsa da e.

Fankshin eˣ kullum hawa take yi, ba ta maimaita amsa, saboda haka tana da juyi, shi ne ln. Idan ka ga ln 8, tambayar da ake yi ita ce: wace lamba za a ɗora a saman e a sami 8? Amsar kusan 2.0794. Da wannan tambayar kaɗai za ka san ln 1 = 0, domin e⁰ = 1, kuma ln e = 1. Za ka kuma gane dalilin da kalkuleta take ƙin ln 0 da ln(−2): babu lambar da za ka ɗora a saman e ta ba ka sifili ko ƙasa da shi.

Ga aiki na gaske. A ce ƙwayoyin cuta 500 ne a cikin kwalba, suna ƙaruwa bisa N = 500e^(0.4t), inda t yake nufin awa. Yaushe za su kai 4,000? Fara keɓe e ita kaɗai: raba gefe biyu da 500, ya zama e^(0.4t) = 8. Yanzu ɗauki ln a gefe biyu. A hagu ln ta kwance e, saura 0.4t. A dama 2.0794. Raba da 0.4, t ya zama kusan awa 5.2.

Wuri biyu ake faɗuwa a nan. Wasu suna ɗaukar ln tun 500 yana manne da e, su rubuta 500 × 0.4t, alhali daidai shi ne ln 500 + 0.4t. Wasu kuma yatsansu yana sauka a kan maɓallin log, wanda tushensa 10 ne maimakon e. Log 8 kusan 0.9031 ne, sai amsa ta fito awa 2.26, ƙasa da rabin gaskiya. Maɓallan biyu maƙwabta ne a yawancin kalkuletoci, duba da kyau kafin ka danna.

Ƙa'idar ln(ab) = ln a + ln b ta ninki ce kawai. Ta fito ne daga yadda lambobin sama suke haɗuwa idan an ninka, eᵃ × eᵇ = eᵃ⁺ᵇ. Wannan mayar da ninki zuwa tari shi ne amfanin da ya sa John Napier ya wallafa jadawalinsa a 1614, lokacin da masu ilimin taurari suke ninka dogayen lambobi da hannu. Tari ba shi da irin wannan ƙa'ida. Gwada: ln(2 + 3) = 1.6094, amma ln 2 + ln 3 = 1.7918, wato ln 6.

Wani abin da yake cinye wa ɗalibai maki shi ne amsar da ba ta da wurin zama. Warware ln x + ln(x − 3) = ln 10. Haɗa hagu da ƙa'idar ninki, ln(x(x − 3)) = ln 10, saboda haka x(x − 3) = 10, wato x² − 3x − 10 = 0, ka sami x = 5 ko x = −2. Mayar da kowanne cikin tambayar asali. Da 5, ln 5 + ln 2 = ln 10, ya zauna. Da −2 kuwa za ka buƙaci ln(−2), wadda babu ita, sai ka soke ta, ka kuma rubuta dalilin sokewar a gefe.

In jadawalin logaridim mai lamba huɗu kawai gare ka, wanda tushensa 10 ne, nemo log ɗin lambar ka ninka da 2.3026, wato ln 10. Ga 8, 0.9031 × 2.3026 zai ba ka 2.0795, bambancin ɗaya kacal a lamba ta huɗu bayan ɗigo.