In kwamfuta ta daskare a wajen sa fasuwod

Kar ka yi saurin kinkimarta zuwa kasuwar Wunti ta Bauchi wajen mai gyara. Fara zare filas da firinta, ka bar kibod da maus kawai, ka danna Ctrl+Alt+Del. Shiru? Danne maɓallin kunnawa har ta mutu, tana tasowa ka sake kashewa, sau uku, Windows 10 da kanta za ta buɗe shafin gyara, ta nan ka shiga Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwanta kawai, ka goge manhajar da ka saka ƙarshe.

Amma wallahi a Bauchin nan sau da yawa ƙura ce, balle da hunturu. Cire wuta tukuna, buɗe akwatin ka hure fanka, ciro RAM, wato siririn katin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke soke a ciki, ka goge bakinsa da kilinan goge rubutun fensir ka mayar. In had disk na ƙas-ƙas kuwa, kwashe fayilolinka tun da wuri.