Kurakuran da ke kayar da ɗalibai a jarrabawar falsafa ta BAC

Duk ɗalibin da ya kai ajin Terminale a Nijar, wato ajin ƙarshe na lise da ake rubuta jarrabawar BAC a cikinsa, ko a sashen A yake ko C ko D, sai ya haɗu da darasin falsafa, wanda ƴan lise ke kira filo. Shi ake fi ɗora wa laifi idan sakamako ya fito, wai maki a hannun mai gyara yake, in ya ga dama ya bayar. Alhali takardun da ke faɗuwa kusan rami ɗaya suke afkawa kowace shekara.

Ramin farko hadda ce. Mun tashi da ita tun daga makarantar allo, kuma a can tana da amfaninta. A filo kuwa, ɗalibi ya hango kalmar "doka" a cikin tambaya, sai ya zazzage duk abin da malam ya yi musu shifta a kan gwamnati, shafi huɗu cur, bai taɓa abin da aka tambaye shi ba. A ce tambayar ta zo haka: "Shin bin doka kullum adalci ne?" Nauyinta yana kan "kullum". In ka ce i, ka wanke dokokin wariyar launin fata da aka kafa a Afirka ta Kudu daga 1948, domin su ma dokoki ne. In ka ce a'a kai tsaye, ka ba kowa damar taka dokar da ba ta yi masa ba, ƙasa ta zama kara zube. Wannan tsaka mai wuyar ita ake so ka fito da ita a gabatarwa. Ka ba ta rabin awa a takardar gwaji kafin ka rubuta layi ɗaya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tambayoyin da suka taɓo addini. Wani ɗalibin yana ganin sunan Allah sai ya maida takardarsa mumbari, ya jero nasiha, ya rufe da addu'a. Mai gyara ba imaninka yake aunawa ba, hujjarka yake nema. Wani kuma tsoro ne ke kama shi, don an gaya masa a gida cewa filo na fitar da mutum daga addini, sai ya ƙi bayyana ra'ayin masu sukar addini irin su Marx ko Nietzsche yadda suka faɗe shi. Bayyana ra'ayin mutum daidai ba yarda da shi ba ne, kuma ba za ka iya rushe maganar da ba ka fahimta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya rubuta littafi guda yana shimfiɗa ra'ayoyin masana falsafa dalla-dalla, sannan ya yi musu raddi a kan mas'aloli 20. Wanda ya mayar masa da martani, Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya ne a Kurɗuba, ya rasu a 1198. Kai, ko Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da ake fara fiƙihu da shi a zaurukanmu, yana da waƙe a kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Shi ma Descartes da ɗalibai ke ɗauka sarkin masu shakka, a littafinsa na 1641 ƙoƙarin tabbatar da samuwar Allah ya yi. Saboda haka babu laifi ka kawo matsayin addini, muddin ka kawo shi da dalilinsa, ka ajiye shi kusa da na masu suka, ka auna.

Sai cusa maganganun manya. Akwai masu haddace guda talatin su yi ta yayyafa su, wani lokaci ma a jingina wa Plato abin da Aristotle ya faɗa. Magana ɗaya da ka warware ta fi goma da ka jefa. In ba ka tabbatar da mai ita ba, faɗi ma'anar da bakinka.

Tsarin nan mai kashi uku da ake koyarwa, ra'ayi, kishiyarsa, sannan haɗawa, shi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Ɗalibi ya ce "i" a kashi na farko, ya ƙaryata kansa a na biyu, a na uku ya ce kowa da gaskiyarsa. Wannan sasanta rikici ne irin na mai unguwa. Ɗauki ɗan kasuwar da ya sayi gero da kaka, ya kulle a sito har farashi ya tashi da bazara. Kashi na farko zai iya kare shi: kuɗinsa ne, kuma ajiyar na sa a samu hatsi lokacin da rumbuna suka ƙare. Na biyu ya yi tambaya irin ta masanin falsafa Mill, nawa suka amfana, nawa suka kwana da yunwa, ya kuma tambaya irin ta Kant, me zai faru in kowane mai hali ya ɗauki wannan ɗabi'a. Na uku aikinsa ya gano inda iyakar take, wato bambancin ajiya da ɓoyewa don ƙuntata wa jama'a, bambancin da malaman fiƙihu ma suka yi a babin ihtikari. Ka ga kowane kashi ya tura maganar gaba.

Masu gudun wannan duka su zaɓi sharhin nassi, wato bayanin wani guntun rubutun masanin falsafa da ake bayarwa a jarrabawar, suna zaton ya fi sauƙi, galibi maimaita nassin suke yi da wasu kalmomi. Abin nema shi ne wace tambaya marubucin ke amsawa, da wa yake jayayya, kuma ta waɗanne matakai ya bi. Kalmomin haɗi na Faransanci irin su mais (amma) da donc (saboda haka) da car (domin) su ne ke nuna inda hujjar ta juya, ka ja musu layi tun a karatun farko.

Faransanci kuma kada ka nemi na burgewa. In jimla ta gagare ka, faɗe ta a ranka da Hausa; in a Hausar ma ba ta fita ba, tunanin ne bai nuna ba, koma kan takardar gwaji.