Yadda maniyyaci zai ƙarfafa ƙafafunsa kafin tafiya Hajji

Maniyyaci yakan biya kuɗin kujera, ya halarci bita, ya tanadi harami da guzuri, amma ya manta da ƙafafun da za su ɗauke shi. Alhali kuwa rabin wahalar aikin Hajji a ƙafa take. Ɗawafi zagaye 7 ne, kuma idan cunkoso ya tura ka hawa na sama, kowane zagaye sai ya ƙara tsawo sosai. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya kai kusan kilomita 3. Ga kuma zuwa jifa daga tantin Mina, a je a dawo a cikin rana, kwana uku ko huɗu a jere. Shekarar da na raka mahaifiyata, muna sahu na biyar na sa'ayi ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗan nan, cinyoyina sun daina jin magana." Da keken guragu muka ƙarasa, kuma har yau abin yana yi mata ciwo a rai.

Ka fara shiri wata uku kafin tashi. Da farko gwada kanka: jingina kujera mai ƙwari da bango, ka rungume hannuwanka a ƙirji, ka yi ta tashi kana zama har daƙiƙa 30. Ƙirga sau nawa ka yi, ka rubuta ka ajiye.

Wannan tashi da zaman shi ne babban atisayenka, domin yana gina tsokar cinya da ta ɗuwawu, su ne kuwa ke rage wa gwiwa nauyi, su ne ke ɗaga ka daga sujada. Yi sau 10, ka huta minti ɗaya, ka maimaita har zubi uku. Sirrin yana wajen saukowa: kada ka faɗa kan kujerar jagwab, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin ka taɓa ta. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta karkata ciki. Kada ka riƙe numfashi, musamman idan kana da hawan jini. Ka fitar da shi yayin miƙewa. Ranar da ka ga 10 ta zama wasa, rungumi galan mai cin lita 5 cike da ruwa, kilo 5 ke nan, ka ci gaba. Wanda ba ya iya tashi sai da dafawa, ya dafa ɗin, ƙarfin zai zo.

Sai ɗage. Dafa bango, ɗaga dugaduganka sama, ka sauko a hankali, sau 15. Tsokar sha-raɓa tana taimakawa wajen mayar da jini sama zuwa zuciya, kuma za ka gode mata a doguwar tsayuwa.

Bayan nan nemi dakali marar tsawo ko matakalar farko ta bene, ka hau ka sauka sau 10 da kowace ƙafa.

Waɗannan ukun kwana biyu ko uku a mako sun isa, da hutun yini a tsakani, don a lokacin hutun ne tsoka ke ginuwa. Ka taimaka mata da wake, ƙwai, kifi, nono ko ƙuli-ƙuli.

Tattaki kuwa kusan kullum ne. Bayan sallar Asuba fara da minti 15, kowane mako ka ƙara 5, har ka doshi awa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla minti 150 a mako, kai kuma da Mina ke jira ya kamata ka zarce haka. Abin da nake yawan roƙon mutane shi ne su yi tattakin da takalmin da za su sa a ihrami. Sabon silifa yana iya saɓule fatar tsakanin yatsu a yini ɗaya, gara ya yi maka haka a gida.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma sukar ciwo a cikin gwiwa, kumburi, jiri ko nauyin ƙirji, to ka dakata ka ga likita. Mai ciwon zuciya ko ciwon suga ya fara da likitan tun kafin atisaye, mai suga kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, don rauni kan ɓuya ba tare da ya ji ba.

Bayan mako huɗu koma kan kujerar nan da agogo, ka sake ƙirgawa, ka kwatanta da abin da ka rubuta ranar farko.