Yadda Ake Gano Ƙwayar Salmonella a Bahayar Mai Gudawa

Idan majiyyaci ya zo da gudawa, murɗawar ciki da zazzaɓi bayan awa 6 zuwa 72 da cin ƙwai ko naman kaza da bai dahu sosai ba, Salmonella tana cikin ƙwayoyin da ya kamata ɗalibin likitanci ya fara kawowa a ransa. Sai dai alamomin kaɗai ba sa bambanta ta da Shigella ko Campylobacter, ɗakin gwaje-gwaje ne zai raba gardama.

Da farko a karɓi bahayar kafin a ba majiyyaci maganin kashe bakteriya. Idan kai ta ɗakin gwaji zai ɗauki lokaci, a sa ta cikin ma'adanin Cary-Blair, wanda yake adana ƙwayoyin da ransu har a kai.

Daga nan a shafa ta a farantin MacConkey da na XLD, wato faranta masu ɗauke da abincin da ƙwayoyi ke tsirowa a kai, a kuma zuba kaɗan a ruwan Selenite F, wanda yake danne ƙwayoyin hanji na yau da kullum domin Salmonella ta samu sararin yaɗuwa. A bar su a zafin digiri 37 na ma'aunin Salshiyas tsawon awa 18 zuwa 24, sannan a sake shuka abin da ya tsiro a ruwan a sabon faranti.

Wajen duba faranti ne ake buƙatar natsuwa. Salmonella ba ta sarrafa sukarin laktos, don haka tarinta a MacConkey ba shi da launi, a XLD kuwa ja ne mai baƙin ɗigo a tsakiya, saboda iskar haidurojin salfaid da take fitarwa. A nan ɗalibai da yawa ke gaggawar yanke hukunci, alhali wata ƙwayar hanji mai suna Proteus ma tana iya yin wannan baƙin. Lallai ne a yi gwajin yuriyes: Proteus tana farfasa yuriya, Salmonella ba ta yi. A haɗa da gwajin TSI, wanda ake yi a kwalba mai sukari iri uku da sinadarin ƙarfe, inda idan Salmonella ce saman kwalba zai yi ja, ƙasan ya yi rawaya, ga baƙi, galibi har da iska. Shigella kuwa, saɓanin Salmonella, ba ta motsi, ba ta kuma yin baƙin.

Bayan haka a tantance nau'inta ta antijen O da H, wato alamomin da ke jikin ƙwayar (O) da na gashin da take motsi da shi (H), bisa tsarin rarrabewa na Kauffmann-White, domin nau'o'inta sun haura 2,500, Enteritidis da Typhimurium kuma suna cikin waɗanda aka fi samu.

Tabbatar da ƙwayar ba ya wajabta maganin kashe ta. Yawancin majiyyata mayar da ruwan jiki ya ishe su, maganin ma yana iya tsawaita fitarta a bahaya. Jarirai, tsofaffi, masu raunin garkuwar jiki da masu sikila (masu sikilar ƙwayar takan shiga ƙashinsu) su ne ake yi wa gwajin jini da na tasirin magani ba tare da jinkiri ba.